Alminiyam ya ƙi bin lissafi: shin jadawalin ƙarfin ilektrod abin dogaro ne?

Ɗalibar_Sinadarai:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Akwai wani abu da ya ɗaure mini kai tun da muka shiga darasin ridoks, wato musayar ilektron tsakanin sinadarai. An ba mu jadawalin ƙarfin ilektrod, aka ce mana duk ƙarfen da lambarsa ta fi nutsewa ƙasa da sifili, shi ya fi saurin sakin ilektron ɗinsa. A jadawalin, alminiyam yana da −1.66 V, baƙin ƙarfe −0.44 V, jan ƙarfe kuma +0.34 V. Idan haka ne, ya kamata alminiyam ya riga baƙin ƙarfe lalacewa nesa ba kusa ba, amma kowa ya san ƙusa ce take yin tsatsa da zarar ta sha ruwa, tagar alminiyam kuwa sai ta shekara goma tana nan garau. Jiya na gwada da kaina a ɗakin gwaje-gwaje. Na saka 'yar takardar alminiyam cikin shuɗin ruwan CuSO₄, wato sinadarin da ke ɗauke da jan ƙarfe a narke, lissafin tazarar da ke tsakanin lambobinsu ya ba ni 2.00 V, na zauna na zuba ido minti ashirin ban ga komai ba. Tutiya kuwa, wadda lissafinta 1.10 V ne kacal, ina tsoma ta sai ta fara rufewa da jan ƙarfe. To mene ne amfanin jadawalin da ba ya faɗin abin da zai faru?

MalamBolt:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki ta yi kyau, kuma kuskuren yana cikin kalma guda da aka faɗa muku, wato "sauri". Jadawalin ba ya magana a kan sauri ko kaɗan. Abin da lambar jadawalin, wato E°, take faɗa shi ne ta wane gefe haɗuwa za ta karkata, da kuma yawan makamashin da za a samu idan ta auku, domin dangantakarta da makamashin Gibbs ita ce ΔG° = −nFE°, inda n yake yawan ilektron da aka musanya, F kuma kimanin kulom 96,485 a kowane mol na ilektron. Ki ɗauka dutse ne a kan tsauni: tsawon tsaunin yana nuna irin ƙarfin da zai gangaro da shi, amma idan an tokare shi da wani ƙaramin dutse, zai iya yin shekaru bai motsa ba, kuma hakan bai rage wa tsaunin tsawo ba.

Abin da ya tokare alminiyam shi ne wata 'yar fata ta Al₂O₃ da take samuwa a jikinsa da zarar iska ta taɓa shi. Kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba, amma ta manne sosai, kuma ruwa ba ya ratsa ta. Wato alminiyam ya riga ya yi abin da jadawalin ya ce zai yi, cikin ƙiftawar ido, sai dai abin da ya haifar ya zame masa garkuwa. Tsatsar baƙin ƙarfe ba haka take ba, tana kumbura tana ɓarewa, ruwa da iska suna samun hanyar shiga ƙasanta. Ki koma ki zuba ɗan gishiri a wannan ruwan, sannan ki dawo ki ba mu labari.

Mai_Kwalaben_Gwaji:
Na goyi bayan Malam a kan gishirin. Na sha nuna wa ɗalibai wannan gwajin, kuma kullum sai ya ba su mamaki. Takardar tana zaune lafiya lau a cikin shuɗin ruwa, ana barbaɗa gishiri sai ka ga ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa-ƙasa sun fara fitowa a gefunanta, sai kumfa, sai kwalabar ta ɗauki zafi har ta gagari riƙewa da hannu. Kafin wani lokaci takardar ta yage, shuɗin ya dushe, jan ƙarfe ya kwanta a ƙasa kamar laka. Ki yi amfani da ƙaramin yanki kawai, kuma ki sa tabarau na kariya.

Shakku_Tushen_Sani:
Ku yi mini afuwa, amma ni wannan bayanin bai gamsar da ni ba. Idan jadawali ya dace da gwaji sai a ce ga hujja, idan ya saɓa sai a ce ai akwai fata, ko akwai jinkiri. Da irin wannan uzuri babu ka'idar da za a iya ƙaryatawa. Ga wani misali da babu maganar fata a cikinsa: lithiyam yana da −3.04 V, potasiyam −2.93 V, sodiyam −2.71 V. Lithiyam ne a ƙarshen jadawalin, amma idan aka jefa su a ruwa, shi ne ya fi kowa sanyi, yana 'yar kumfarsa a hankali, sodiyam yana zagaye a kan ruwa kamar mahaukaci, potasiyam kuwa wuta yake kamawa. Sannan kuma ai sodiyam ya fi lithiyam sauƙin rabuwa da ilektron ɗinsa na waje. Ta yaya lithiyam ya sha gabansa a jadawalin?

Dakta_Ayon:
Ɗan'uwa Shakku, tambayoyi biyu ka haɗa, kuma kowacce da amsarta da za a iya aunawa, ba uzuri ba ne. Ta farko ita ce dalilin da ya sa lithiyam ya sha gaban sodiyam. Lambar E° ba ta auna fitar ilektron daga atom guda da ke yawo shi kaɗai, tana auna tafiya ce mai zango uku: a ɓalle atom daga jikin ƙarfe, a cire masa ilektron, sannan ruwa ya kewaye ayon ɗin da ya samu, wato atom ɗin da ya zama mai caji. A zango na farko lithiyam yana cin kimanin kilojul 159 a kowane mol, sodiyam 107. A na biyu lithiyam 520, sodiyam 496. Har nan sodiyam ne ke da sauƙi, kamar yadda ka faɗa. Amma a zango na uku, saboda ƙanƙantar Li⁺, ruwa yana manne masa da ƙarfi har ya mayar da kimanin kilojul 520, alhali Na⁺ bai mayar da fiye da kimanin 405 ba. Idan ka haɗa lissafin za ka ga lithiyam ya fita da ragin da ya kai kusan kilojul 40, kuma wannan ya yi kusa da tazarar 0.33 V da ke tsakaninsu.

Ta biyu ita ce sauri. Sodiyam yana narkewa a digiri 98, potasiyam a kusan 63, lithiyam kuwa sai an kai 180. Zafin haɗuwar yana narkar da na biyun farko, su zama ɗigon ruwa mai sabunta fuskarsa kowane lokaci, shi kuwa lithiyam yana nan a dunƙule. Hayaniyar da ido yake gani daban, jimillar makamashi daban.

Sabon_Shiga_Aji_Ɗaya:
Ina neman afuwa idan na kauce daga zancen. A wani tsohon littafi da na samu a ɗakin karatu an rubuta tutiya +0.76 V, jan ƙarfe −0.34 V, wato akasin abin da 'yar'uwa ta kawo. Wanne ne daidai?

MalamBolt:
Duka biyun daidai ne, al'adar rubutu ce ta bambanta. A da, marubuta da yawa a Amurka suna rubuta kowace rabin haɗuwa ta fuskar sakin ilektron, har da Wendell Latimer, wanda littafinsa na 1938 ya yi tasiri ƙwarai a wannan fanni, yayin da a Turai aka fi rubuta ta ta fuskar karɓa. A taron IUPAC, ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, na 1953 a Stockholm aka tsayar da cewa abin da za a kira ƙarfin ilektrod shi ne na karɓar ilektron. Saboda haka Zn²⁺ + 2e⁻ → Zn shi ne −0.76 V. Duk lokacin da ka buɗe jadawali, ka fara duba ta wane gefe ilektron yake a rubuce kafin ka ɗauki lamba.

Ka kuma riƙe cewa sifilin nan zaɓarsa aka yi. Babu mitar da za ta auna ilektrod guda shi kaɗai, dole sai da na biyu, don haka aka amince a ba ilektrod na haidrojin 0.00 V, wato farantin filatinam a cikin asid mai ayon H⁺ mol ɗaya a lita, ana busa masa iskar haidrojin a matsin bar ɗaya (bar ma'aunin matsin iska ne). Sauran lambobin duk tazara ce daga wannan.

Mai_Kwalaben_Gwaji:
Kuma a aikace da wuya ka ga wanda yake harhaɗa wannan ilektrod na haidrojin, saboda wahalarsa da haɗarin iskar. An fi amfani da na azurfa da AgCl, wanda yake kusan +0.20 V idan an ƙosar da shi da KCl, sai a gyara lissafi daga baya. Na taɓa ganin ɗalibi ya kwana biyu yana neman inda 0.2 V ta ɓace masa, ashe ya manta da wannan gyaran ne.

Sabon_Shiga_Aji_Ɗaya:
Na gode, Malam. Bari in gwada fahimtata. Fe³⁺ zuwa Fe²⁺ +0.77 V ne, Fe²⁺ zuwa Fe kuma −0.44 V. Ke nan Fe³⁺ zuwa Fe zai zama +0.33 V idan na haɗa su?

Dakta_Ayon:
A'a, nan ne ramin da kusan kowa yake faɗawa sau ɗaya. Bolt makamashi ne a kan kowane caji, don haka ba a tara shi kai tsaye, makamashin ake tarawa. Mataki na farko ilektron ɗaya ne, sai ka ce 1 × 0.77. Na biyu ilektron biyu ne, 2 × (−0.44), wato −0.88. Jimilla −0.11, ka raba da ilektron uku, ka samu kimanin −0.04 V. Da amsarka ce daidai, da baƙin ƙarfe ya kusa zama tsaran jan ƙarfe wajen juriya. Wannan dalilin ne kuma ya sa idan ka ninka rabin haɗuwa sau biyu don daidaita ilektron, ba ka ninka E° ɗinta.

Ɗalibar_Sinadarai:
Na dawo, kuma na gwada gishirin. Wallahi kamar yadda Mai_Kwalaben_Gwaji ya kwatanta haka ya faru, har na ja da baya saboda tururin da ya tashi. Allah ya ƙara wa malamai ilimi. Sai dai yanzu wata tambayar ta taso mini. Shin gishirin ya canza lambar alminiyam ne, ko fatar kawai ya huda? Domin idan ƙara abu guda a cikin ruwa yana iya canza lambar, to maganar ɗan'uwa Shakku tana da ƙamshin gaskiya.

Dakta_Ayon:
A gwajinki babban aikin ayon Cl⁻, wato kulorad ɗin da ke cikin gishiri, shi ne huda fatar, 'yar'uwa, domin tazarar 2 V tana nan tun farko, hanya ce kawai babu. Amma gaskiya ne lambar tana canzawa da yanayi, kuma ɗan da'irar da ke saman E° shi ne gargaɗin: mol ɗaya a lita, matsin bar ɗaya, kuma galibin jadawalai a digiri 25 aka tsara su. Da an kauce daga nan sai a koma ga lissafin Walther Nernst na 1889, wanda a digiri 25 yake cewa E = E° − (0.059/n) log Q, inda Q take kwatanta kaurin abin da aka samar da na abin da aka fara da shi. A batirin Daniell, wanda John Daniell ya ƙirƙira a 1836 da tutiya da jan ƙarfe, ninka kaurin ɗaya daga cikin ruwan sau goma yana motsa 1.10 V da kusan 0.03 V ne kawai, abin da bai taka kara ya karya ba. Inda abin yake da girma shi ne idan H⁺ yana cikin haɗuwar, ko kuma wani abu yana kwashe ɗaya daga cikin ayon ɗin.

Misalin da na fi so shi ne Cu²⁺ da ayodaid. Cu²⁺ zuwa Cu⁺ kimanin +0.15 V ne, I₂ zuwa I⁻ kuma +0.54 V, don haka mai karanta jadawali da gaggawa zai rantse babu abin da zai faru. Amma kina haɗa su ruwan zai koma ruwan ƙasa saboda ayodin, wani farin gari kuma ya kwanta. Garin nan CuI ne, wanda kusan ba ya narkewa, yana kwashe Cu⁺ yana ajiyewa a ƙasa, har ƙarfin ya tashi zuwa kimanin +0.86 V. Shi kuwa Cu⁺ idan aka bar shi a ruwa ba tare da abin da zai riƙe shi ba, cin kansa yake yi, rabi ya koma Cu²⁺ rabi ya koma jan ƙarfe, saboda lambarsa ta karɓa, +0.52 V, ta fi ta Cu²⁺ zuwa Cu⁺.

Shakku_Tushen_Sani:
Dakta, lissafin lithiyam ya shige ni, na karɓa. Har na fara shirin cewa "a'a" ta jadawalin tabbatacciya ce, "i" ɗinsa ce kawai take da sharaɗi, sai ga shi kin kawo misalin da jadawalin ya ce a'a kuma abu ya faru. Yanzu me ya rage masa?

MalamBolt:
Jadawalin bai ce a'a ga samuwar CuI ba, ɗan'uwa, ya ce a'a ne ga samuwar Cu⁺ mai yawo a ruwa da kaurin mol ɗaya, kuma wannan a'ar tana nan daram. Kai ne za ka tabbatar layin da ka karanta shi ne na abin da ke cikin kwalabarka. Haka zinariya take. Au³⁺ zuwa Au kusan +1.50 V ne, naitret a cikin asid kuwa +0.96 V, shi ya sa asid ɗin naitrik shi kaɗai ba ya taɓa ta, alhali yana cinye jan ƙarfe da azurfa mai +0.80 V. Idan aka gauraya shi da asid ɗin HCl, kashi ɗaya da kashi uku, kulorad yana kama zinariyar ya mayar da ita AuCl₄⁻, lambar ta sauko kusan +1.00 V, ragowar 'yar tazarar kuma kaurin asid ɗin ya cike ta. Kobalt ya fi wannan ban mamaki: Co³⁺ a ruwa zalla ya haura +1.8 V, har ruwan kansa yake ƙwace wa ilektron, amma idan amoniya shida suka kewaye shi sai ya sauko kusan +0.1 V ya zauna lafiya.

Mai_Kwalaben_Gwaji:
Ni amfanin jadawalin a wurina na yau da kullum ne. Famanganet a cikin asid +1.51 V ne, kulorin +1.36 V, daikuromet +1.33 V. Waɗannan lambobi uku sun ishe ni sanin cewa ba a zuba wa famanganet asid ɗin HCl a awon taitireshan, wato gano kaurin sinadari ta hanyar ɗiga masa wani, domin zai juya ya ci kulorad ɗin, sakamako ya lalace, ga warin kulorin a ɗaki. Asid ɗin salfurik ake sa masa. Daikuromet kuwa yana haƙuri da HCl marar kauri. Sannan duk wanda ya taɓa ajiye ruwan famanganet na watanni ya ga wani zobe mai launin ƙasa a jikin kwalaba, wannan MnO₂ ne, alamar cewa a hankali yana cin ruwan da aka narka shi a ciki, kamar yadda lambobi suka nuna zai iya. Haske yana ƙara masa sauri, shi ya sa ake zuba shi a kwalaba mai duhu, a kuma sake auna ƙarfinsa kafin aiki.

Injiniyan_Bututu:
Na daɗe ina karanta muhawarar nan, kuma a matsayina na mai aiki da bututu da tankuna zan ɗan karkata wajen Shakku. Mu ba ma zaɓen ƙarfe da jadawalin aji, muna amfani da jerin da aka auna a cikin ruwan da ƙarfen zai zauna, musamman ruwan teku, kuma jerin biyu ba su daidaita ba. Taitaniyam a jadawalin aji maƙwabcin alminiyam ne, amma a ruwan teku yana can sama kusa da masu daraja, saboda irin fatar da Malam ya ambata.

Duk da haka ba zan ce a jefar da shi ba, domin shi ne ya bayyana mini bambancin kwanon rufi da gwangwani. Kwano baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya, kuma −0.76 tana ƙasa da −0.44, don haka ko an karce shi tutiyar ce take mutuwa a madadinsa. Gwangwani kuwa da kuza ake lulluɓe shi, mai −0.14 V, yana karcewa sai baƙin ƙarfen ya zama abin sadaukarwa, tsatsa ta ci wurin fiye da idan babu rufin ma. Humphry Davy ya yi amfani da wannan dabara a 1824, ya manna guntayen tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake rufe ƙasan jiragen ruwan yaƙin Ingila da shi. Jan ƙarfen ya daina ciwuwa, sai dai ciyayi da ƙananan halittun teku suka samu wurin zama, domin ashe ɗan narkewar jan ƙarfen ce take korar su. Mutum-mutumin 'Yanci na New York ma ya ɗanɗana kuɗarsa: fatarsa jan ƙarfe, sandunan da suka riƙe ta baƙin ƙarfe, abin da aka sa tsakaninsu ya lalace, sandunan suka yi tsatsa suka kumbura, har aka musanya su da ƙarfe marar tsatsa a gyaran 1984 zuwa 1986.

Dakta_Ayon:
Injiniya ya kawo mu inda amsar tambayar farko ta fi fitowa. Marcel Pourbaix, masani ɗan Beljiyam, ya zana taswirori masu ƙarfin ilektrod a tsaye da pH, wato ma'aunin ƙarfin asid a ruwa, a kwance, inda kowane yanki yake nuna ko ƙarfe zai zauna lafiya, ko zai narke, ko zai yi fata. A taswirar alminiyam, fatar tana tsayawa ne tsakanin pH 4 da kusan 9 kawai. Ki saka shi a ruwan soda mai ƙuna, 'yar'uwa, za ki ga −1.66 ba ƙarya ba ce, domin fatar za ta narke, haidrojin ya yi ta tashi. Zaiba ma tana hana fatar zama, shi ya sa ake tsananta hana ɗaukar ta a jirgin sama. Abin lura shi ne, waɗannan taswirori da lambobin E° ɗin nan da lissafin Nernst aka gina su.

Shakku_Tushen_Sani:
Amma taswirar Pourbaix ta alminiyam da ruwa zalla ba za ta nuna wa 'yar'uwa abin da gishiri ya yi ba, tun da ruwanta bai fita daga yankin da aka ce akwai fata ba sai kaɗan, kuma ba canjin pH ne ya tayar da haɗuwar ba. Har yanzu sai da aka zuba aka gani.

Ɗalibar_Sinadarai:
Wannan gaskiya ne, kuma ina so in san ko kulorad ne kaɗai yake da wannan hali. Gobe in Allah ya kai mu zan jera kwalabe uku da ruwan CuSO₄ iri ɗaya, in sa NaCl a ta farko, NaBr a ta biyu, Na₂SO₄ a ta uku, in riƙe agogo. Malam Mai_Kwalaben_Gwaji, shin in goge takardar alminiyam ɗin da yashi kafin in saka, ko in bar ta yadda take?

Mai_Kwalaben_Gwaji:
Ki bar ta yadda take, domin fatar ce abin da kike gwadawa. Ki yanko guda ukun daga takarda ɗaya, girmansu ɗaya, kuma ki auna gishirin da mol, kada ki auna da cokali, saboda nauyinsu ba ɗaya ba ne.